Dorinar Gwaggo Barira

Sonapur, Dubai
9 ga Maris, 2012

Gwaggo Barira,

Ke da kika karɓi haihuwar rabin Gwammaja, ko kin san kina da yaya a wannan sana'a wadda ta girme ki da shekara dubu huɗu, kuma dorina ce?

Na san kin sauke takardar nan kin ce, yaron nan har yau bai koyi sallama ba. To, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya kamar yadda nake. Yaya gwiwa? Kina shafa man da na aiko, ko kin rabar wa tsofaffin layi kamar na bara? Yaya ƙanwata Wasila da mijinta Sulaiman? Na kira ta ranar Juma'a tana ta kewaye-kewaye, da na ce mata wata nawa, sai ta kashe min waya. Na gane. Allah ya raba lafiya, ya kawo ta ɗakinki goyon ciki kina da ƙarfinki. Ke kuwa na haƙura da kiran ki, ina magana kina "iye?" har kati ya ƙare. Gara takarda.

Ina nan a siton nan na Investment Park. Aikin bai canza ba: a buɗe babban kwali, a rarraba a ƙanana, a liƙe. Kayan tsaraba ne na masu yawon buɗe ido, raƙuman roba, hasumiyar gilashi, sai kwanan nan wani kanti ya yi odar gumakan mutanen Masar na dā. A kwalin farko an haɗo da wani littafin Turanci mai hotuna, ba wanda ya kula shi sai ni. Daga masaukinmu zuwa wurin aiki awa ɗaya da rabi ne a bas, kowa na gyangyaɗi, ni kuwa ga littafi ga ƙamus. Mujib, ɗan Kumasi da ke kwana a gadon samana, ya sa min suna Farfesa. Na ce masa gara farfesan kwali da jakin kwali. Kwana biyu bai yi min magana ba.

To, yayar taki sunanta Tawarat, wai ma'anarsa Babba. Dorina ce tsaye da ƙafa biyu, ga tsohon ciki, ga nono har cibiya, hannu da ƙafa na zaki, wutsiyar kada a gadon baya, baki a wangame. Muni kam ba a magana. Da gangan suka yi ta haka, don a ganinsu duk abin da ya zo cutar da mai naƙuda, in ya yi ido biyu da ita sai ya juya. Sun lura dorina ba ta da wasa a kan ɗanta, ko kada ba ya kusantar ta, sai suka ce ita ce mai tsaron masu ciki da jarirai. Har a taurari sun ba ta aiki, wai can arewacin sama tana riƙe da ƙafar wani mugun gunkinsu da aka ɗaure, don kada ya kuɓuce ya yi ɓarna. Wani lokaci sukan zana ta da wuƙa a hannu. Da na ga wuƙar sai na tuna wadda tsofaffi ke ajiyewa a kan jariri kafin suna, wadda kika yi ta faɗa da su a kai.

Ga abin da ya ba ni haushi. Gumakan sarauta da na yaƙi an gina musu ɗakunan dutse da har yau ake bin layi a kalla. Ita wannan da kowace mace ke kira in naƙuda ta yi tsanani, kusan duk a ɗakin mata ta ƙare, a jikin 'yar laya ko ƙafar gado. Littafin shafi ɗari uku ne, nata ɗaya da rabi. Tun can haka ake yi. Ke ma shekara talatin kina durƙushe gaban mata, a sallame ki da sabulu da goro, ranar suna a yi ta yi wa mai gida sannu da ƙoƙari. Wane ƙoƙari?

A cikin odar gumakan nan, wata dorinar ta zo da guntulen kunne, Bamasaren da ke kula da mu ya ce khalas, a jefar. Na ɗauka na cusa miki cikin kaya, tsakanin atamfa da rigunan jariri. Gwaggo, ki karanta nan sau biyu. Shirka ce suka yi, Allah ya tsare mu, wannan kuma roba ce da aka zuba a China, ga tambarin nan a ƙasanta. Na aiko ne kawai ki ga wadda ta riga ki, ki yi dariya, ki jefa ta ƙasan akwati ko a masai. Kada ki jera ta. Kin san mutanenmu.

Kayan suna cikin kargon Alhaji Ɗalhatu na jirgin sama, takardar kuma a hannunsa zan ba shi a unguwar Al Rigga. Ki gaishe min da kowa, ban da masu cinye miki mai.

Ɗanki,
Salmanu


Gwammaja, Kano
18 ga Afrilu

Salmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna lafiya. Gwiwa da sauƙi. Man rabi na shafa, rabi Allah ya ci da wasu, kada ka tambaye ni.

An kawo kaya daga shagon Alhaji Ɗalhatu, shi an ce daga wurinku China ya wuce. Na gode, Allah ya yi maka albarka. Na zazzage kwalin sau biyu ban ga takarda ba. Ko rubutun ma ka yi girman da za ka daina?

Sai wata 'yar tsana da na tsinta, mai kama da kai in an tashe ka daga barci. Na ce ta wasan jariri ce, Wasila ta ce Gwaggo wannan ai sai ta firgita yaro. Da na ji tana da nauyi sai na ɗora ta a kan katunan awo na matan da nake kula da su, don fanka na watsa min su. Matan sun sa mata suna Hajiya Dorina. Kowacce ta zo ɗaukar katinta sai ta shafa cikin ta ce, "Hajiya, wa zai riga wani, ni ko ke?" A yi ta dariya. Asama'u ta gidan mai gawayi, wadda ka san uku ta binne, ita ce kaɗai ba ta dariya in ta shafa. Watanta ya tsaya. Ka sa ta a addu'a.

Na sa an shafe ƙaramin ɗakin da kuka taso a ciki. Na ɗinke gidan sauro, na sayi sabuwar tukunyar wanka. Sulaiman ya ce ranar ɗaya ga Sha'aban zai kawo ta, itacen wanka ma ya fara tarawa. Shekara ashirin da biyu ke nan da na yanke cibiyar Wasila uwarku na kallo. Allah bai nufa ta ga wannan ba, to ni zan gani a madadinta.

Ka rage faɗa da mutane, ka ci abinci. Hajiya Ramlat zan ba wa takardar nan, tana jiran biza.

Gwaggonka


Gwammaja
2 ga Yuni

Salmanu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Wasila ma lafiya, cikin na motsi. Hajiya Ramlat har yau ba ta tafi ba, ta farko na jakarta, sai in ƙara mata wannan. Ka zauna kafin ka karanta.

Asama'u ta sauka, namiji, da ransa. Ranar barka sai ta ce a gaban mata, ita tun da ta fara shafa Hajiya Dorina ta ji cikin nan ya zauna. Na yi mata faɗa, na ce ta yi istigfari. Na ɗauka ya wuce. Sai mata suka fara zuwa waɗanda ba su da kati a wurina. Wata tun daga Kurna, ta zo da turare a ƙunshe. Na ce shirmen mata ne, na tura 'yar tsanar bayan kwanuka. Suka riƙa cewa in fito musu da ita ko sau ɗaya. Wasu na fito musu. Ba zan ɓoye maka ba.

Ana nan Alhaji Ɗalhatu ya dawo, ya tsinci takardarka a aljihun rigar sanyin da ya je China da ita. Ya ba Sulaiman a masallaci ya kawo min. Ranar tabarauna ya karye, ga mata huɗu a tsakar gida, na ce masa karanta min, ta abokinka ce. Ya fara yana dariya. Da ya kai tsakiya sai dariyar ta ɗauke. Ya karanta har ƙarshe, har inda ka ce kada in jera ta, bai tsallake ko kalma ba. Amma matan gunki kawai suka ji.

Ya ce, "Gwaggo, ina take?" Na ɗauko, na sa a turmi, na daka da hannuna yana tsaye. Robar da tauri, sai da taɓaryata ta tsage.

Washegari bayan La'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce maza su kula da gidan da matansu ke shiga, don an ajiye gunki a gidan ungozoma ana shafawa. Bai kama suna ba. Ungozoma nawa ce a unguwar? Daga ranar an haihu uku, ba wanda ya aiko. Ya kuma ce Wasila ba za ta zo ba, a gidansa za ta haihu, innarsa, 'yar'uwar uwarsa, ta yi mata wanka.

Kada ka zage shi. Matan sun shafa da gaske, ni kuma na gani na yi shiru sati biyu. Kuma akwai abin da ka sani ka manta. Uwar Sulaiman a hannuna ta cika, shi yana fitowa ita tana tafiya. Ni na goya shi kwana arba'in kafin danginsa su daidaita wa zai ɗauka. Tun da Wasila ta samu ciki yaron nan ya rame, in ta yi tari sai ya miƙe tsaye. Mai irin wannan tsoro duk abin da ya gani kusa da ita sai ya ture shi, ko da ni ce.

Maganar mutane ba ta dame ni sosai ba, na ji wadda ta fi ta. Ɗakin ne. Duk na wuce sai na leƙa, ga gidan sauro a ɗaure.

Ni na hana Wasila gaya maka a waya, kada ka ga laifinta.

Gwaggonka


Sonapur
10 ga Yuni

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kin ga yau na fara da sallama. Yaya gwiwa, yaya kuma hannun da ya yi daka? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ya kai har an kusa fara ba masu aikin rana hutun tsakar rana.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Na karanta ta farko a bas ina dariya har Mujib ya farka, ya ce Farfesa an ba ka mata ne? Na buɗe ta biyu. Bai sake yi min ba'a ba har muka sauka.

Kin ce kada in zagi Sulaiman. Na rubuta masa takarda uku, duk na yaga, don ko wacce in kin gani sai kin ce ba ke kika raine ni ba. Ta huɗu ce wannan da ke tare da taki. Ki karanta, in kin ga zagi ki soke da biro. Amma kada ki hana ta fita.

Gaskiyar ita ce laifina ne. Na karanta shafi ɗaya da rabi na ji kamar na fi kowa sani, ina so ki gani ki ce ɗana ya iya. Na ɗauka kowa zai tsaya ya ji bayani kafin ya kai hannu. Ni da na rubuta miki cewa matan can tsoro ne ya sa su sassaƙa ta, ban tuna cewa tsoron nan na shiga tsakar gidanki kullum da katin awo a hannu ba. Ki yafe min, Gwaggo. Taɓarya kuma zan saya, kada ki ce a'a.

Jiya na tarar da Alhaji Ɗalhatu a gidan abincin da 'yan Kano ke zama a Al Rigga. Na ce, "Alhaji, takardar Gwammaja ka kai China yawon buɗe ido?" Ya ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali Salmanu, mantuwa ce, zauna ka ci shinkafa." Na ce ba zan ci ba, kuma mantuwar nan ita za ta tsaya a ƙofar masallaci ta karanta wata takardar. Sai ya ce ke kika karɓi 'ya'yansa biyar, zai karanta. Jibi zai taso. Na tsaya sai da na ga ya sa ta a aljihun gaba, tare da fasfo.

Kada ki kwance gidan sauron nan.

Ɗanki mai laifi,
Salmanu


Zuwa ga Sulaiman, mijin ƙanwata.
A karanta a ƙofar masallaci bayan La'asar, a inda ya tsaya.

Assalamu alaikum Sule, da duk wanda ke tsaye yana ji. Ina gaishe ku, da fatan iyalanku lafiya. Ni ne Salmanu na gidan Gwaggo Barira, wanda yawancinku kuka taɓa kora daga wannan ƙofa saboda surutu. Ku ɗan jure min na yau.

An ce an ajiye gunki a gidan ungozoma. Gaskiya ne. Ni na aiko shi. Na tsince shi a kwandon shara na wurin aikinmu, na cusa a kaya, bayanin kuma ya makara wata biyu. Ita ba ta san mene ne ba, danne takarda take yi da shi. Ranar da ta sani ta daka shi a turmi, kai kana tsaye. Sule, da ka zo nan ka faɗi na farko, me ya hana ka faɗi na biyu? Kai ka karanta takardata da bakinka. Ka ga sunan wanda ya aiko. Me ya sa ka ce gidan ungozoma, ba ka ce Salmanu ba? Don ina nesa, ko don ka san ni zan rama?

Ban ce ka yi ƙarya ba. Mata sun shafa, kuma bai halatta ba, na yarda. Gwaggo ma ta ce ta ga alama ta yi jinkiri, ba ta ɓoye ba. Amma ku maza da kuke gyaɗa kai, wa ya taɓa tambayar matarsa me take ji in watanta ya tsaya? Matan Masar na dā ba su san Allah ba, mutuwa kuma na zaune a bakin ƙofar kowace mai naƙuda, sai suka sassaƙa dorina suka ce ta tsare su. Mu Allah ya shiryar da mu, muka san Shi ke tsarewa. Sai dai tsoron bai tafi ko'ina ba. Wadda ta binne uku, in ta ga abin kamawa sai ta kama. Maganinta a zauna da ita a koya mata, kuma a unguwar nan wa ke zama da su? Wa ya yi shekara da shekaru yana cire wuƙa daga kan jariranku yana cewa a yi addu'a ta fi? Wa ke tare mota ya kai matanku asibiti in abu ya fi ƙarfin gida, ku kuna nan kuna jiran labari? Ita ce kuka rufe wa ƙofa, haihuwa uku.

Yanzu kai, Sule. Na san abin da ke cin ka, kuma ba zan yi maka dariya ba, don ni ma tun da na ji cikin nan nake ƙirga kwanaki. Wasila matarka ce, ni kuma na goya ta ina ɗan shekara huɗu muna faɗuwa tare. Kana tsoron abin da ya sami mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta. To ka tuna wadda ta kasance a ɗakin ranar, ba ta gudu ba. Ta rufe wa ɗaya ido, ta ɗauki ɗaya ta ɗaura a baya kwana arba'in. Ni da kai baya ɗaya ya goya mu. In akwai wadda za ka so ta kasance kusa da Wasila a wannan rana, ka faɗa min wace ce in ba ita ba.

Ta shafe ɗaki. Ta ɗinke gidan sauro. Ta ce kada in zage ka, ka ga kuma ban zage ka ba, Allah ya san da ƙyar.

Ba na son amsa a waya, kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba. Kada kuma ka lallaɓa gidanta ka ba ta haƙuri a ɗaki, don ba a ɗaki ka yi maganar ba. Ga ka nan, ga mutanen da ka faɗa wa. Ka kama sunana ka ce ni na kawo, ka ce ita ta fasa. Sannan ka amsa wa Alhaji Ɗalhatu da ƙarfi yadda na sahun baya zai ji: ranar ɗaya ga Sha'aban, a wane ɗaki Wasila za ta sauke kayanta?

Alhaji, ka ninke takardar, ka tsaya. Kada ka matsa sai ya amsa.

Salmanu